Yadda zaka gane aikin Sar1 da ARF da Rab a cikin sel ba tare da hadda ba

Wannan na ƙannena ne masu karanta bayokemistiri da maikurobayoloji da ƴan medisin, na KASU ne ko na ABU ko ƴan poli, waɗanda da zarar malam ya shigo babin safarar kaya a cikin sel sai kai ya ɗau zafi saboda yawan sunaye, Sec12, Sec23, Rab1, Rab5, Rab7, GBF1, ga su nan birjik kamar ba zasu ƙare ba. Mafi yawa sai su koma hadda, ana gobe jarabawa a cusa tebur ɗin a kai, a fito daga hol a manta. Abun yana damuna sosai domin wannan babi yana cikin mafi daɗi a duk ilimin sel, kuma sunayen nan ba su ne karatun ba. Dabara ɗaya ce jal sel yake ta maimaitawa a wurare daban daban, idan ka kama ta to sunayen da kansu zasu zauna.

Kafin ka taɓa sunan furotin ko ɗaya, samu farar takarda ka zana taswira. A hagu ka sa ER, wato inda ake haɗa furotin masu fita, kusa da nukiliyas, a tsakiya Golgi mai hawa hawa inda ake gyara su a rarraba, a dama can tantanin waje na sel. A ƙasa ka sa endosom na farko da endosom na ƙarshe, wato jakunkunan karɓar kayan da suka shigo daga waje, sai laisosom mai narkar da kaya. Yanzu ja kibiyoyi: ɗaya daga ER zuwa Golgi, ɗaya ta dawowa daga Golgi zuwa ER, ɗaya daga Golgi zuwa waje, ɗaya daga waje zuwa endosom na farko, daga nan hanya ta rabu biyu, ko a mayar da kaya waje ko a gangara da su laisosom a narkar. Kar ka kwafa daga handawut, da hannunka zaka zana ko da bai yi kyau ba. Wannan hanyar ta ER zuwa Golgi zuwa waje George Palade ne ya fara bin sawunta a sel ɗin fankiriyas, yana cikin waɗanda suka samu Nobel a 1974.

Me yasa ake buƙatar duk wannan? Domin furotin irin su insulin da antibodi da enzayim na narkar da abinci a cikin ER ake haɗa su, kuma basa iya ratsa tantani su wuce tunda tantani kitse ne. Sai a tsinko ɗan yanki na tantanin ya naɗe kayan ya zama ƴar jaka, faɗinta bai cika wuce nanomita 50 zuwa 100 ba, ita ake cewa besikul, ta tafi ta haɗe da tantanin inda aka aike ta, ta juye kayan. Tambayar ita ce wa ke cewa a nan za a tsinko, yanzu za a tsinko, kuma can za a kai ba nan ba.

Ka je tashar Kawo da safe ka tsaya ka kalla. Mota tana da inji, direba yana da ƙarfin tuƙi, amma ba su ke yanke cewa wannan ta Kano ce wannan ta Katsina, yanzu aka buɗe lodi yanzu aka rufe ba, ɗan kamasho ne, shi baya tura mota baya ɗaukar buhu, amma inda ya tsaya ya ɗaga murya nan kowa zai taru, in ya bar wurin taron ya watse. To Sar1 da ARF da Rab aikinsu kenan. Su ba ƙarfi suke bayarwa ba, wuri da lokaci suke nunawa. Masu ƙarfin ja su ne kainesin da dainin da mayosin, kuma su da ATP, makamashin sel, suke aiki.

Mataki na biyu, kowanne cikin ukun nan makunni ne kamar na lantarki, ka fahimci makunnin shi kaɗai tukuna. Dukkansu ƴan gida ɗaya ne da wani makunni mai suna Ras, ƙananan furotin ne masu nauyin kilodalton 20 zuwa 25, kowanne yana da ɗan aljihu da yake riƙe ko GDP mai fosfet biyu ko GTP mai fosfet uku tare da maganeziyam. In GDP ne a ciki yana kashe, in GTP ne yana kunne. Bambancin fosfet ɗaya ne tak, amma wannan fosfet na ukun yana janyo wasu sassa biyu na furotin ɗin, ana ce musu suwic na ɗaya da suwic na biyu, ya ɗaure su su tsaya cak a siffa ɗaya, kuma wannan siffar ce wasu furotin suke ganewa su zo su manne. Da zarar fosfet ɗin ya fita sai sassan biyu su saki, masu mannewa su rasa wurin kamawa. Idan kana da data ka shiga shafin RCSB PDB a wayarka kyauta ne, ka buɗe 5P21 wanda shine Ras a kunne, ka buɗe 4Q21 wanda shine Ras da GDP, ka jujjuya su da yatsa ka ga inda suka bambanta, wallahi ya fi karanta shafi goma amfani.

Shi makunnin nan malalaci ne in an barshi shi kaɗai, baya sakin GDP da wuri kuma baya fasa GTP da wuri. Shi yasa yake buƙatar mataimaka biyu. GEF shi ke kunnawa, GAP shi ke kashewa. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki, dan Allah ka kula: GEF baya ƙara fosfet a kan GDP ya mayar da shi GTP. Abunda yake yi shine ya buɗe aljihun, ya ture maganeziyam, GDP ya fice, to da yake GTP ya fi GDP yawa a cikin sel kusan sau goma sai sabon GTP ya faɗa ciki. Musanya ce. Shi kuma GAP ba cire GTP yake ba, taimakawa yake makunnin ya fasa nasa GTP ɗin da kansa ya koma GDP, yana hanzarta abun sau dubbai, a yawancinsu ta hanyar cusa wata amino asid tasa mai suna ajinin cikin aljihun.

Daga nan duk makunnin da ka haɗu da shi, ko a lakca ko a takardar jarabawa, tambayoyi huɗu zaka yi masa. Wa ke kunna shi? A kan wane tantani mai kunnawar yake zaune? In ya kunnu su wa yake kirawo? Wa ke kashe shi? Ta biyun ita ce mafi muhimmanci a ganina kuma ita aka fi tsallakewa, domin makunnin yana yawo ko'ina a ruwan sel amma baya kunnuwa sai inda GEF ɗinsa yake, kaga kenan adireshin yana hannun GEF.

Fara gwadawa da Sar1 domin shi ya fi sauƙi. Mai kunna shi Sec12, kuma Sec12 dashe yake a tantanin ER, babu shi a wani wuri. Sar1 yana da wata ƴar jela a farkonsa mai gefe ɗaya na son kitse gefe ɗaya na son ruwa, in yana kashe jelar a ɓoye take, GTP na shiga sai ta fito ta nutse cikin tantanin ER ta fara lanƙwasa shi. Sai ya kirawo Sec23 da Sec24 waɗanda a haɗe suke zuwa, Sec24 shi ke zaɓar kaya ta hanyar duba wasu alamomi a jelar furotin ɗin da za a fitar, sai Sec13 da Sec31 su zo su gina keji a sama su ƙara lanƙwasa wurin har ya zama ƙwallo ya tsinke. Wannan rigar ita ce COPII. Wa ke kashe Sar1? Sec23 ɗin da shi da kansa ya kirawo, shine GAP ɗinsa, kuma zuwan Sec31 yana ƙara masa sauri. Tsaya ka yi tunanin wannan da kyau, makunnin shi ke kirawo wanda zai kashe shi, kuma kashewar bata yin ƙarfi sai riga ta kusa kammala, shi yasa rigar take ginuwa sannan ta warware a kan lokaci, tunda besikul mai sanye da riga ba zata iya haɗewa da Golgi ba. A 1994 a ɗakin binciken Randy Schekman a Berkeley aka nuna cewa waɗannan furotin ɗin da aka tace sun isa su tsinko besikul daga tantanin ER a cikin kwalbar gwaji. Shi Schekman da yis ya yi aikinsa, shi da ɗalibinsa Peter Novick suka ware yis masu tangarɗar fitar da kaya suka gano ƙwayoyin gado 23 a 1980, daga nan duk sunayen nan masu Sec suka samo asali. A 2013 ya raba Nobel da James Rothman da Thomas Südhof.

Akwai cutar gado da ake samu in SAR1B ya lalace, yaro ya ci mai amma sel ɗin hanjinsa su kasa fitar da kailomaikiron, wato ƙunshin kitsen da hanji ke aikawa jiki, kitse ya taru a cikinsu, yaro yayi ta gudawa baya girma. Rubuta wannan a gefen kibiyar ER zuwa Golgi.

ARF1 kusan irin labarin ne sai dai a Golgi. Shi yana da ƙarin wutsiyar kitse mai kabon 14 da ake cewa miristoyil. Abunda zai baka sha'awa anan shine makunni ɗaya ne amma aikinsa ya danganta da wanda ya kunna shi. In GBF1 ne ya kunna shi a gefen Golgi mai kallon ER, sai ya kirawo rigar COPI mai sassa 7, wadda ke mayar da kaya baya, misali furotin ɗin ER da suka ɓace suka biyo hanya, waɗanda ke ɗauke da alamar KDEL a ƙarshensu, ana kama su a mayar da su gida. In kuma BIG1 ko BIG2 ne suka kunna shi a ɗaya gefen mai kallon waje, sai ya kirawo AP-1 da GGA su kuma su jawo wata riga daban mai suna kilatirin. Shi ARF ta hanyar kwalara aka gano shi a 1984, Richard Kahn da Alfred Gilman suna binciken yadda gubar kwalara ke aiki sai suka ga akwai wani furotin na sel da ke taimaka mata, sai daga baya aka gane ainihin aikinsa na safara ne. Sannan ka riƙe sunan Brefeldin A, sinadari ne daga wani naman gwari, yana maƙale ARF1 da GEF ɗinsa tun GDP bai fita ba, COPI ta kasa zama, cikin mintuna Golgi ya narke ya koma cikin ER, fitar da kaya ya tsaya. Malamai na son tambayarsa, kuma masu binciken garkuwar jiki da masu binciken ƙwayar maleriya suna amfani da shi sosai.

Yanzu Rab, inda yawancin mutane ke karaya. Mutum yana da sama da 60, yis yana da 11. Ba za a tambaye ka duka ba kuma babu mai buƙatar ka san duka. Sar1 da ARF su ke tsayawa a wurin tashi, Rab kuwa ya fi kula da tafiya da isa, wato ɗora besikul a kan mota mai ja, da kamo ta in ta iso. Koma taswirarka ka rubuta: Rab1 tsakanin ER da Golgi, Rab6 a Golgi, Rab8 daga Golgi zuwa waje, Rab5 a endosom na farko, Rab7 a na ƙarshe, Rab4 da Rab11 a hanyar mayarwa waje, Rab3 a besikul ɗin jijiya, Rab27 a jakunkunan da ake ajiyewa sai an bada umarni a saki. Waɗannan sun ishe ka.

Amma Rab yana da ƙarin zagaye guda wanda dole ka zana shi daban. Bayan an haɗa sabon Rab, wani furotin mai suna REP yana kama shi ya kai shi wurin enzayim ɗin da zai liƙa masa wutsiyar kitse, jeraniljeranil mai kabon 20, yawanci guda biyu, a kan amino asid ɗin sistin da ke ƙarshensa. Da wannan wutsiya yake riƙe tantani. To tunda wutsiyar kitse ce bata son ruwa, ta yaya zai bar tantani ya koma inda ya fito bayan an gama aiki? Nan GDI ke shigowa, yana gane Rab mai GDP kaɗai, ya zare shi daga tantani ya rufe wutsiyar a cikin aljihunsa ya yi ta yawo da shi. Duk tantanin da Rab ya sauka, in babu GEF ɗinsa a wurin zai zauna da GDP, GDI ya sake ɗauke shi. In akwai GEF sai ya samu GTP, GDI ya daina ganinsa, ya zauna daram. Kaga yadda ake samun daidaito ba tare da wani mai ido yana dubawa ba, ana ta kuskuren sauka ana ta kwashewa, wurin da ya dace kaɗai ke riƙewa. In REP1 ya lalace ana samun cutar ido ta gado mai suna koroidiremiya, tana kan kuromosom X shi yasa maza ta fi kamawa, tana farawa da dundumi gani yayi ta raguwa.

Su waɗanda Rab mai GTP ke kirawowa ana ce musu ifekta, kuma babu misalin da ya fi Rab27a fito da ma'anarsu. A sel ɗin da ke yin launin fata, Rab27a yana zaune a kan jakar melanin, ya kama melanofilin, shi kuma ya kama mayosin Va, su ja jakar zuwa gefen sel a miƙa wa maƙwabta. Cutar Griscelli, wadda likitan yara ɗan Faransa Claude Griscelli ya bayyana a 1978, iri uku ce kuma kowane iri ɗaya daga cikin ukun nan ne ya lalace. In melanofilin ne, gashi ya yi fari fari kamar azurfa fata ta yi haske, shikenan. In mayosin Va ne, harda matsalar ƙwaƙwalwa domin jijiyoyi na amfani da shi. In Rab27a ne da kansa, harda mummunar matsalar garkuwar jiki, saboda a sel ɗin T masu kisa Rab27a yana da wani ifekta daban, Munc13-4, wanda da shi ake sakin jakunkunan guba a kan sel mai cuta. Kar ka haɗa wannan da zabiya, a zabiya yawanci melanin ɗin ne ba a yi sosai, anan kuwa an yi shi amma ya taru a tsakiyar sel ba a kai shi ba. Idan ka iya bayyana dalilin da yasa iri ukun suka bambanta da bakinka ba tare da duba takarda ba, to ka gane ifekta.

Wurin da nake so ka fi daɗewa shine Rab5 zuwa Rab7. Rab5 mai kunna shi Rabex-5. In ya kunnu yana kirawo Rabaptin-5, wanda a manne yake da Rabex-5 ɗin, kenan kowane Rab5 da ya kunnu yana jawo mai kunna wasu, abun yayi ta haɓaka har wani yanki na tantanin ya cika da Rab5. Yana kuma kirawo Vps34 mai ƙera wani kitse na musamman PI3P a wurin, sai EEA1, dogon furotin mai kama Rab5 da PI3P a lokaci guda, ya miƙe yana kamo besikul masu shigowa. To in haka ne me zai hana endosom zama na farko har abada? Mon1 da Ccz1. Su ma Rab5 da PI3P ne ke jawo su, suna zuwa sai su ture Rabex-5, kuma su ne GEF na Rab7. Sai Rab5 yayi ta raguwa Rab7 yayi ta ƙaruwa a kan jaka ɗaya, jakar bata motsa kayanta ba amma sunanta ya canza. Rab7 ya kirawo RILP wanda ke haɗa ta da dainin a ja ta can ciki kusa da nukiliyas, ya kirawo HOPS mai haɗa ta da laisosom. A 2005 a ɗakin binciken Marino Zerial a Dresden ta Jamus aka ɗauki wannan canji a bidiyo a sel mai rai. Irin wannan miƙa hannu, Rab na farko ya kirawo GEF na mai bi masa, na biyun kuma sau da yawa ya kirawo GAP na wanda ya gabace shi, shi ke sa tafiya ta zama gaba kawai. A yis ma haka ne, Rab mai suna Ypt32 ke kirawo Sec2 wanda ke kunna Rab mai bi masa, Sec4.

Ga dalilin da yasa nace ka daɗe anan. Tarin fuka. Makurofej, sel ɗin garkuwar jiki mai cinye ƙwayoyin cuta, yana haɗiye ƙwayar tibi ya sa ta a jaka, jakar ta samu Rab5 kamar yadda aka saba, ya kamata ta koma Rab7 ta haɗe da laisosom a narkar da ƙwayar. Ita kuma ƙwayar tibi sai ta tsayar da abun a matakin Rab5, ɗaya daga cikin dabarunta shine fitar da enzayim mai suna SapM da ke cire fosfet daga PI3P, ta zauna a cikin sel ɗin da aka turo ya kashe ta tana hayayyafa. Duk mai tarin fuka da ake kaiwa asibitin Saye a Zariya, wani ɓangare na abunda ke faruwa a huhunsa kenan. Wannan ba tatsuniyar Turai bace, a unguwanninmu take.

SNARE kuma, furotin masu haɗe besikul da tantani, ka ajiye su a gefe daban a kanka, su ba makunni bane kuma basa riƙe GTP. Rab da ifektocinsa su kamo besikul su matso da ita, SNARE na jikin besikul da na jikin tantani su nannaɗe juna su matse har kitse biyu ya haɗe, daga baya NSF ya warware su da ATP. Gubar tetanus, mai sa sarƙewar haƙora, SNARE ɗin jijiya mai suna VAMP take yankewa. Dainamin shi GTP yake ci amma babba ne, aikinsa shaƙe wuyan besikul ta tsinke, ba ɗan gidan su Rab bane. Wannan ya isa.

Mataki na gaba shine wanda zai cece ka a tambayoyin da ake cewa me zai faru idan. Masu bincike suna da hanya biyu ta lalata makunni da gangan, ko su maƙale shi a kunne ko su maƙale shi a kashe. Rab5 Q79L baya iya fasa GTP, yana kunne kullum, sakamakon shine endosom suyi ta haɗewa su zama manya manya har a gansu ƙarara a madubin bincike. Rab5 S34N a kashe yake, kuma ba zaman banza yake ba, yana kama GEF ya riƙe ya hana lafiyayyen Rab5 samun mai kunna shi, sai endosom su zama ƙanana a warwatse, shigar kaya ta ragu. Irin su ne Q71L da T31N a ARF1, H79G da T39N a Sar1, Q67L da T22N a Rab7. Ba sai ka haddace lambobin ba, ka lura dai Q ko H da aka canza yana nufin kunne, S ko T da aka mayar N yana nufin kashe. Sannan akwai GTPγS, ɗan'uwan GTP da baya fasuwa, in aka zuba shi a gwajin Golgi irin na Rothman sai besikul su taru sanye da riga sun kasa cirewa balle su haɗe. Abun lura shine maƙalewa a kunne ma tana tsayar da safara kamar yadda maƙalewa a kashe take yi, domin zagayen ake buƙata. Ɗalibi in ya rubuta cewa kunne kullum yana nufin ƙarin aiki kullum, ya faɗi tambayar.

Yanzu gwada kanka da ciwon suga, wanda a gidaje da yawa a Kaduna akwai dattijo ko dattijuwa mai fama da shi. A sel ɗin tsoka da na kitse, GLUT4 mai shigar da gulukos yana ajiye a cikin besikul, baya fitowa tantanin waje sai insulin ya zo. Akwai GAP mai suna AS160, wani sunansa TBC1D4, da ke danne Rab ɗin wurin a kashe, Rab10 a sel ɗin kitse, Rab8A da Rab13 a tsoka. Rufe nan ka tambayi kanka, in insulin yana so GLUT4 ya fito, me zai yi wa AS160? Amsa, zai kashe mai kashewa. Insulin ya kama risefta ɗinsa, enzayim ɗin PI3K ya tashi, enzayim ɗin Akt ya tashi, Akt ya liƙa wa AS160 fosfet ya daina aiki, Rab ya samu damar zama da GTP, besikul su tafi waje, suga ya shiga. A 2014 an ruwaito cewa a cikin mutanen Girinlan akwai wata tangarɗa a TBC1D4 da ke ƙara haɗarin ciwon suga nau'i na biyu sosai ga wanda ya gaje ta ta uwa da uba. Motsa tsoka kuma yana fito da GLUT4 ta wata hanyar da bata dogara da insulin ba, inda AMPK da ɗan'uwan AS160 mai suna TBC1D1 ke da hannu, shi yasa in likita ya ce wa Baba ya riƙa tattaki ba maganar fatar baki bace, kai da ka karanta wannan kana iya zama ka yi masa bayani da Hausa.

Ga masu neman abun furojet ko masu tunanin digiri na biyu, cibiyar binciken sammore ta ƙasa, NITR, a nan cikin Kaduna take. Ƙwayar tirifanosoma da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai sa sammore a shanu da ciwon barci a mutane, jikinta lulluɓe yake da furotin ɗaya mai suna VSG, kuma duk shige da ficenta ta ɗan aljihu ɗaya ne a gindin jelarta. In antibodi ya manne a VSG sai ta ja shi ciki ta wannan aljihu, ya bi ta endosom mai Rab5, a raba antibodin a narkar, VSG ɗin kuma a mayar da shi waje ta hanyar Rab11, cikin mintuna kaɗan. Hanyar da ka zana a ƙasan takardarka ce sak, a jikin wata halitta daban.

Ranar da zaka yi bita kar ka buɗe littafi da farko. Juya takardar, sake zana taswirar daga kai, a kan kowace kibiya ka rubuta makunninta, a ƙarƙashinsa amsar tambayoyi huɗun nan, inda ka kasa ka bar gurbi sai ka gama sannan ka duba. Daga nan ku zauna ku biyu ko uku, ɗaya ya riƙa cire abu ɗaya daga taswirar, ya ce na cire Sec12, ko na cire GDI, ko na cire Mon1, sauran su faɗi inda kaya zasu taru. An cire Sec12, Sar1 baya kunnuwa, kaya sun maƙale a ER. An cire GDI, Rab ya gama aiki ya rasa mai mayar da shi, ya taru a tantanin da aka kai kaya, wurin tashi ya rasa Rab. An cire Mon1, endosom ya kumbura da Rab5, riseftan EGF, mai karɓar saƙon girma, da ya kamata a narkar bai isa laisosom ba. Sai ku ɗauko tiransferin, mai kawo wa sel ƙarfe, ku bi shi tun daga tantanin waje, ya shiga da kilatirin, ya isa endosom mai Rab5 inda tsami ke sa ya saki ƙarfen, shi da riseftansa su koma waje ko ta gajeriyar hanyar Rab4 ko ta doguwar hanyar Rab11, sannan wani ya ce na sa Rab11 S25N, ku faɗi wace hanya ce ta toshe kuma wacce ta rage.